Koren Reshen Da Na Ƙi Sarewa

Tambayoyi uku mahaifina ya yi mini ranar da na fara ba shi labarin itacen da ke bayan gidana a birnin Leeds na ƙasar Ingila. Ya ce, "Ana cin 'ya'yansa?" Na ce a'a, Baba, sai dai tsuntsaye. Ya ce, "Kuna magani da shi?" Na ce ba ma yi. Ya ce, "To, yana da inuwar da mutum zai shimfiɗa tabarma?" Na ce bai kai nan ba. Sai ya yi shiru, irin shirun nan da zai sa ka duba waya ko layi ne ya yanke, can ya ce, "Ashe ciyawa ka je kiwo a Turai."

Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a gona a ƙasar Malumfashi, inda kowane itace da aka bari tsaye yana da aikin da ya sa gatari ya ƙyale shi. Ɗorawa ta ba da kalwa a yi daddawa, kuka ta ba da miya, tsamiya ta shiga kunu, kaɗanya ta ba da mai, gawo ya taki ƙasa ya ciyar da awaki. Ko lalle, da ake cewa kayan ado ne, kuɗi ne a hannun mai shi. A wajen irin wannan mutum, a ce ga itacen da ake yi wa hidima don a dube shi kawai, ai magana ce ta wanda ya ƙoshi.

Itacen da ake magana a kai Turawa suna kiran danginsa dogwud, masana tsirrai kuma suna kiransa Cornus alba. Asalinsa daga Siberiya ne da arewacin ƙasar Sin da Koriya, wato ɗan ƙasar sanyi ne gaba da baya. Ba shi da gangar jiki guda kamar darbejiya; tsiro ne masu yawa ke tashi daga gindi ɗaya kamar sabara, idan an bar shi kuma yakan kai mita uku. Nau'in da ke gidana shi ne wanda ake wa laƙabi da Elegantissima, kuma adonsa iri biyu ne. Daga Afrilu zuwa Oktoba ganyensa ne abin kallo, tsakiya kore mai ɗan toka-toka, gefe kuma fari, sai ka ce an bi kowane ganye da farin zare an yi masa baki. Idan hunturu ya shigo ganyen ya zube, sai rassan su fito jajaye wur. A wajen Mayu da Yuni yakan yi ƙananan furanni masu launin madara a dunƙule, daga baya su zama 'ya'ya farare masu ɗan shuɗi.

Duk wannan daga baya na san shi. A watan Disamba na 2018 da muka tare a gidan, abin da na gani a kusurwar lambu shi ne tarin jajayen tsumagu babu ganye ko ɗaya, na kuma yanke hukuncin cewa mataccen abu ne. Niyyata in tumɓuke shi in sami wurin alayyafo da tumatir. Har na ɗauko shebur, sai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa, ta leƙo ta kan shinge ta roƙe ni in ba shi wata huɗu. Na ajiye shebur don kunyarta kawai.

Da Afrilu ta yi sai ga ganye. Amma ni ɗan manomi ne, kuma a gonarmu idan ganyen masara ya yi fari-fari ko na rogo ya yi roɗi-roɗi, abu biyu ne, ko yunwa ko cuta. Saboda haka na je na sayo takin zamani na zuba masa da hannu sake. Bayan 'yan makonni wani reshe ya taso daga gindi, ganyensa kore shar babu ɗigon fari, ya fi sauran faɗi, ya fi su saurin tsawo. Na yi murna ƙwarai. Na kira dattijuwar in nuna mata cewa magani ya fara aiki. Ta duba, ta girgiza kai, ta ce, "Wannan shi ne reshen da za ka sare, kuma yau ya fi gobe."

Bayanin da ta yi mini, wanda na bi diddiginsa daga baya na tarar haka yake, shi ne wannan. Ganye yana haɗa abincin itace ne da wani koren sinadari da ake kira kulorofil, wanda ke kama hasken rana ya sarrafa ruwa da iska su zama sukari. Farin gefen nan ba shi da wannan sinadari, saboda haka ci yake yi ba ya nema. Koren tsakiya ne ke ciyar da shi. Itacen gaba ɗaya tsoka iri biyu ce ke zaune a jiki ɗaya, mai kore da marar kore, kuma asalin irin wannan yawanci reshe guda ne da ya fito da saɓanin 'yan'uwansa, wani mai lambu ya lura da shi, ya yanka ya dasa, aka yi ta yaɗa shi. Lokaci-lokaci sai wani toho ya fito daga tsokar kore zalla. Shi wannan ba shi da nauyin kowa a kansa, don haka yakan fi sauran ƙarfi, ya haye kansu, ya tare musu rana, ya janye ruwa da taki. Ba kuma ya komawa mai farin gefe don kansa. Idan aka ƙyale shi, itacen ba zai mutu ba. Zai ma fi da girma da ƙoshin lafiya. Abin da zai faru kawai shi ne wata rana za ka duba ka ga wani itace ne daban a wurin, kore kamar kowane.

Na ji bayanin, na gode mata, na kuma ƙi sarewa. Hannuna ya kasa. Tun ina yaro aka koya mini cewa idan ana tsinke shuka, mai rauni ake cirewa a bar mai ƙarfi. Yanzu a ce in kashe mafi lafiyar reshe don in raya masu rauni? Na ce a raina wannan irin wautar masu abin duniya ce. Shekara ta zagayo, reshe ɗaya ya zama huɗu. Wata ta sake zagayowa, kusan rabin itacen ya koma kore, farin gefen ya maƙale a ƙasa ta ɓangaren da rana ke ɗan leƙowa da yamma.

A nan ne labarin ya bar lambu ya shigo cikin ɗaki. 'Yata ta fari a Zariya aka haife ta, tana da shekara biyu muka zo da ita Ingila, kuma kalmominta na farko duk Hausa ne. Ranar ƙaramar Sallah ta 2021, a tsakiyar watan Mayu, muka kira gida ta WhatsApp kamar yadda muka saba. Mahaifiyata ta ce, "Ina kishiyar tawa? A ba ni ita mu gaisa, in ji ko ta yi wa mijin namu tuwon Sallah." Na miƙa wa yarinyar waya, lokacin tana da shekara bakwai. Ta ce ina wuni, ta ce lafiya lau, ta ce barka da Sallah. Daga nan Inna ta shiga zolayarta irin ta kaka da jika, ita kuwa ta tsaya tana kallona. Ta buɗe baki, Turanci ya fito. Inna ta sake gwadawa a hankali, kamar mai magana da kurma. Yarinya ta sake dubana. Can sai na ji Inna ta ce, "Karɓi wayarka, ɗan nan. Kishiyar tawa ta zama Baturiya, yanzu da wa zan yi faɗa?" Da dariya ta faɗa, amma na san muryar uwata.

Abin da ya fi damuna a daren nan shi ne babu wani abin da ya lalace da zan nuna da yatsa. Yarinya lafiyarta lau, tana cikin na gaba a ajinsu, malamarta kullum yabon yawan kalmominta take yi, ni kuma ina dawowa gida ina fahariya. Ban ga ranar da Hausar ta fita ba, domin ba rana ɗaya ta fita ba. Turanci yana da makaranta awa shida a yini, yana da talabijin, yana da ƙawaye, yana da kanti da asibiti da motar haya. Hausa ba ta da kowa a garin nan sai ni da uwarta, mu ɗin ma a gajiye muke dawowa. Harshe mai ƙarfi bai yi wani mugun abu ba. Girma kawai ya yi, kamar yadda aka halicce shi ya yi, ni kuma na tsaya ina yi masa tafi.

Washegari da safe na fita lambu da almakashi, na tarar aikin ya wuce almakashi. Reshen da a 2019 zan iya cirewa da yatsu biyu ya yi kaurin ƙotar fartanya, sai da na aro zarto. Ƙa'idar ita ce ka bi koren reshen har inda ya samo asali ka yanke shi a can, domin idan ka datse shi a tsakiya, kututturen da ka bari zai sake fitar da kore biyu ko uku. Da na gama, itacen ya zama kamar wanda aka yi wa aski rabi aka tashi, da wani ƙaton giɓi da ya ɗauki shekara guda kafin ya cike. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na sha faɗin wannan karin magana ga wasu, ban taɓa biyan kuɗinta ba sai ranar.

Da zafin wannan na shiga gida na kafa doka: daga yau babu Turanci a ƙarƙashin rufin nan. Na ɗauka na gano magani. Abin da ya biyo baya shi ne shiru. Yarinyar da take cika mana kunne da labarin makaranta ta koma cin abinci kai a sunkuye. Idan na tambaye ta yaya karatu, sai ta ce lafiya, ta tsaya nan, domin iyakar abin da take da shi ke nan. Mako biyu muna haka, har maiɗakina ta same ni ta ce, "Malam, ka hana ta harshen da take da shi, ba ka ba ta wanda ba ta da shi ba. Kuma ka tuna, ba ita ta fara ba. Kai ne idan ta yi maka Hausa a karkace kake amsa mata da Turanci don ka fi sauri." Ban sami abin cewa ba, don gaskiya ce.

A cikin waɗannan kwanaki itacen ya fitar da wani ɗan reshe da ban taɓa ganin irinsa ba, ganyensa fari fat babu kore ko kaɗan. Kyakkyawa ne ƙwarai, har na ɗauki hotonsa. Dattijuwar ta ce kada in saba da shi. Ganyen da ba shi da kore ba ya iya ciyar da kansa, jingine yake da sauran, kuma da za a yanke shi a dasa shi kaɗai ba zai rayu ba. Kafin ƙarshen Yuli ya ƙone ya bushe. Sai na fahimci abin da na kasa gani tun farko. Darajar itacen nan ba a farin take ba, ba kuma a koren ba. Tana wajen zamansu a kan ganye ɗaya. Koren ne ke ciyarwa, farin ne ke sa a san ko wane ne. Aikin mai lambu ba yaƙi da kore ba ne, hana shi zama shi kaɗai ne.

Na janye dokar. A madadinta muka ware wa Hausa wuraren da ba ta da abokin takara. Tatsuniya kafin barci, da Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, ko da na gaji. Girki tare da uwarta. Kiran Inna duk ranar Lahadi, ni kuma in fita daga ɗakin don kada a sami tafinta. Sai aikin lambu, wanda na mayar da shi namu mu biyu, inda ta koyi saiwa da toho da gaɓa da yayyafi da laka. Idan ta yi kuskure na daina gyara ta a tsakiyar magana, sai in maimaita daidai in wuce. Shi ma itacen na yi masa makamancin haka: na rage rassan shingen da ke tare masa rana, domin mai farin gefe yana bukatar haske fiye da kore zalla, a inuwa mai duhu kuma farin yakan dusashe. Na kuma daina ɗura masa takin zamani, na koma shimfiɗa ruɓaɓɓen takin gargajiya a gindinsa sau ɗaya a shekara.

Akwai wata sara ta biyu da na koya, ita ce ta watan Maris, kafin toho ya buɗe. Jan launin nan a jikin sababbin rassa yake; reshen da ya haura shekara biyu ko uku yakan koma toka-toka. Na ga shaidar haka a lambun Harlow Carr da ke Harrogate, ba nisa da Leeds, inda aka jera irin waɗannan itatuwa a bakin hanyar da aka yi domin masu yawo da hunturu, suna ja da rawaya kamar an kunna wuta. Masu son jan reshe zalla sukan sare itacen duka, su bar kamar santimita biyar zuwa bakwai a kan ƙasa. Wannan bai ba ni tsoro ba, domin na ga Baba yana yi wa sabara haka a sharar gona kowace shekara ta dawo, haka ake yi wa lalle, haka ake yi wa zogale idan ya yi tsawon banza. Amma mai farin gefe bai kai kore ƙarfin farfaɗowa ba, sannan furanni a kan tsofaffin rassa suke fitowa. Don haka na zaɓi hanya ta biyu: kowace shekara in cire kashi ɗaya cikin uku, mafi tsufa, daga gindi. Wanda ya dasa sabo kuwa, ya ba shi shekara biyu ya kafu kafin ya kai masa ƙarfe.

Jarrabawa ta zo a 2022. Ranar 19 ga Yuli aka auna zafin da ya kai digiri 40.3 a Coningsby, mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Birtaniya. Ni da na tashi a inda arba'in abin yau da kullum ne a watan Afrilu, dariya na so yi. Itacen bai yi dariya ba. Shi mai son ƙasa mai danshi ne, laka ma ba ta dame shi, amma fari bai iya ba, kuma farin gefen ne ya fara ƙonewa ya zama ruwan ƙasa kamar takardar da aka kusanta da wuta. A watan Agusta aka hana ban ruwa da tiyo a yankuna da dama na Ingila, har da namu. Sai muka koma tara ruwan wankin kayan miya a bokiti, ni da yarinyar muna kai masa da magariba, a zuba a gindi sosai sau biyu a mako maimakon yayyafi kullum. Wata rana tana zubawa ta ce, "Abba, ƙishirwa yake ji, ko?" Ba ta fassara daga komai ba, haka ta zo mata. Na juya na yi kamar ina duba wani reshe.

A Nuwamba na wannan shekarar muka yi dashe. Irin wannan itace ba a samun mai farin gefe ta hanyar shuka 'ya'yansa. Sai dai a yi masa yadda muke yi wa rogo: a yanki reshen bana mai kaurin fensir, tsawon kamar santimita ashirin, a yanka ƙasan daidai ƙarƙashin gaɓa, a binne kashi biyu cikin uku, a bar shi ya kwana hunturu. Mun dasa shida, huɗu suka kama. Tun daga farko har yau, duk mai farin gefen da ke duniya hannu ne ya miƙa wa hannu. Na daɗe ina tunanin wannan, domin a da can ƙasan raina na ɗauka Hausa a jini take, tunda ni Bahaushe ne ɗan Bahaushe ai 'ya'yana sun gada. Ba a jini take ba. Wanda bai miƙa ba, bai bayar ba.

Mai karatu da ke Kano ko Kaduna ko Maraɗi kada ya wahalar da kansa neman wannan itace, don yana bukatar sanyin da zai sa shi barci kowace shekara, wanda hunturunmu bai kai ba. Amma masu sayar da fulawa a bakin titunan biranenmu suna da shuke-shuke masu ganye launi biyu, kuma dokarsu ɗaya ce da tasa. Ɗaya matsalar ma ba sai an ƙetare teku ba. Na sha sauka a gidajen 'yan'uwa a Abuja inda uwa Bahausa, uba Bahaushe, yara kuma ba sa iya kai gaisuwa ƙarshe, iyayen suna faɗa da alfahari kamar yadda na kira maƙwabciyata in nuna mata koren reshe. Ba ina cewa a hana yara Turanci ba. Shi ne zai ci da su, na kuma gwada hanin na ga inda ya kai ni. Ina cewa ne mai ƙarfi ba ya bukatar taimakonka, mai raunin ne ke bukata, kuma idan ka jira sai ka ga alamar ciwo ba za ka gani ba, domin komai zai yi ta kyau har ranar da kaka za ta ce a karɓi waya.

Wata safiyar Lahadi a hunturun da ya biyo baya, raɓa ta daskare ta yi fari a kan ciyawa, yarinyar ta fita da waya ta nuna wa kakanta jajayen rassan. Na ji shi yana cewa, "Amarya, wannan ce ciyawar uban naki?" Ta ce, "Ba ciyawa ba ce, itace ne. Ba a ci, kallo ake yi." Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe halin gawo gare shi, sai kowa ya tuɓe sannan yake ado. Ta ce mene ne gawo? Ya shiga ba ta labarin itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, da yadda awaki ke taruwa a gindinsa. Sun kai rubu'in awa, ban sa musu baki ba.

Har yanzu Hausarta tana ɗingishi, takan ce "ya" inda ya kamata ta ce "ta", ƙanenta kuma da aka haifa a nan aikinsa ya fi nata yawa. Itacen ma bai daina ba. Bana sau biyu na tarar da koren toho a gindinsa. Na ajiye almakashin a kan taga kusa da ƙofar baya, inda zan gan shi duk lokacin da zan fita.